Ƙafar Baba a Bakin Bututu

Duk wanda ya taɓa cin salak a kan shinkafa da wake a Accra, ya ci ne da ruwan wankan wani. Ni na sani, domin a cikin sana'ar na tashi, kuma har yau ganyen nake sayarwa a Kasuwar Malam Atta. Ba na faɗa wa masu saye, su ma ba sa tambaya.

Lambun da mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa a ciki yana can bayan unguwar Kotobabi, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, inda ba a yarda kowa ya yi gini ba. Wata babbar gota ce, wato magudanar ruwan ƙazanta, ta bi ta gefensa. Duk ruwan da unguwannin sama suka zubar, na wanka da na wanki da na alwala, nan yake gangarowa. Manoman suna tare shi da buhunan yashi har ya taru ya hau, sai ya shiga wani bututu da aka binne a jikin gotar, ya ɓullo ta ɗaya gefen a cikin 'yar hanyar ruwa da aka haƙa da fartanya. Hanyar tana ratsa lambun tun daga kai har ƙarshe. Kowane manomi yana da raminsa a bakinta. Idan lokacinsa ya yi a buɗe masa, ramin ya cika, ya riƙa ɗiba da butocin ban-ruwa yana zuba wa fangalinsa. Da lokutan salla ake rabon: waɗannan daga asuba zuwa hantsi, waɗancan daga azahar zuwa la'asar. Busanga da Mosi da Dagomba da Zabarmawa duk suna wurin, Hausa ce ta haɗa su, kowa da irin tasa.

Baba shi ne mai bakin ruwa. Aikinsa buɗewa da rufewa, da ƙara buhu idan madatsar ta zauna, da raba faɗa. Amma babban aikin, wanda ba mai son sa, shi ne share bakin bututun. Bakin yana can ƙasa a cikin baƙin ruwa, ido ba ya ganinsa, kuma ledojin ruwan sha da tsummoki ba sa barinsa ya huta. Sanda ba ta fitar da su, sai dai ta ƙara cusa su ciki. Dole mutum ya naɗe wando ya shiga har cinya, ba takalmi, ya lalubi bakin da yatsun ƙafa, ya danƙo ledar ya jawo. Ƙasan wurin kuwa fasassun kwalabe ne da gwangwanaye da duk abin da Allah ya hore wa mutanen gari su jefar.

Shekara da shekaru Baba yana shiga yana fitowa, sai magana ta fara yawo cewa yana da maganin tauri. Mahaifinsa maharbi ne a can arewa, wannan kaɗai ya ishi masu son labari. Suka ce tun yana yaro aka dafa shi, ƙarfe da kwalba ba sa cin sa. Ni da na tashi a ɗakinsa na san babu wani magani, ko laya ɗaya ba shi da ita, Alƙur'aninsa ne kawai da rediyo. Amma tsohon yana jin daɗin maganar. Idan aka yi ta a gabansa sai ya shafa gemu ya kalli wani wuri, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni ma a da dariya abin yake ba ni. A shekarar da ruwan sama ya ƙi zuwa ne dariyar ta ƙare mini, domin tun daga farkonta har ƙarshenta abu ɗaya nake kwana da shi nake tashi da shi, ƙafar Baba ta hagu.

Lokacin damina ya zo ya samu sama a bushe. Da rana hadari zai taso daga wajen teku, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Zafi ya zauna a gari daram. Famfunan unguwar Nima suka ɗauke, aka koma bin motar tanka da galan-galan masu ruwan ɗorawa. Wanda ya sayi ruwa da wahala ba ya zubar da shi haka kawai. A gidanmu a cikin baho ake tsayawa a yi wanka, a wanke tsumma da abin da ya taru, a ƙarasa da shi a banɗaki. Kowane gida haka. To, gotarmu ba ta da wata uwa sai ragowar mutane, da suka daina ragewa sai ta fara mutuwa.

Ina zuwa lambun kowace safiya yankan salak, don haka a idona abin ya faru. Ruwan da a da yake da launin toka, har ana ganin 'yan kifaye a ciki, ya koma baƙi ƙirin, ya yi kauri. Warinsa ya sauya, ya zama mai kama maƙogwaro. Kwaɗin da suke damun mu da kuka a bakin ramuka suka yi tsit, ban san inda suka tafi ba. Ruwa ya ragu amma shara ba ta ragu ba, sai bututun ya riƙa toshewa a kai a kai. Aikin da Baba yake yi da safe da yamma ya koma na yini guda. Kuma na lura da wani abu da ba wanda ya lura da shi: yana daɗewa yana lalube kafin ya sami bakin. A da yana sa ƙafa yake danƙo leda. Yanzu sai ya tsaya yana jujjuya ƙafar a ƙasa, kansa a sunkuye, kamar mai neman allura a ɗaki mai duhu.

Wata safiya ina tsugune ina ɗaure ganye na ji an ɗauki shewa a bakin madatsa. Na tashi na je. Baba ne ya fito daga ruwa yana tafiya, wani guntun katako yana bin sa a manne da tafin ƙafarsa. Ƙusa ce a jikin katakon ta shige shi, shi kuwa bai ma sani ba, sai da aka nuna masa. Ya zauna a kan buhu, ya ɗaga ƙafar ya fizge katakon ya jefar. Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba. Jinin da ya fito ɗan kaɗan ne, baƙi.

Akwai wani mai noman kabeji a ƙarshen layi, sa'ana ne, mai yawan iyali, mai yawan dariya. Wurinsa ruwa yake isa a ƙarshe, don haka ya fi kowa manne wa Baba. Ya dafa kai yana tsalle.

"Chale, abokai! Kun gani? Ƙusa ya shiga, jini bai zo ba koraa, ko kaɗan! Tsoho yana da magani paa, na gaske!"

Kowa yana dariya yana jinjina. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na taɓa taka ƙusa ina yarinya, na san ihun da na yi har maƙwabta suka fito.

Da yamma da ya dawo gida na dafa ruwa na sa gishiri, na ce ya miƙo ƙafa. Ya yi ta ƙorafi, wai na mai da shi jariri, amma ya miƙo. Ruwan ya yi zafin da ni kaina da ƙyar nake sa hannu. Ya tsoma ƙafar yana sauraron rediyonsa hankali kwance. Na juya tafin na duba. Ba ramin ƙusar kaɗai ba ne. Tsagogi ne birjik, tsofaffi da sababbi, wasu sun rufe a kan datti. Na cire fil daga ɗankwalina na soka masa a babban yatsa, ina kallon fuskarsa.

"Baba, ka ji?"

"Na ji me?"

"Tun yaushe ka daina ji?"

Ya rage muryar rediyon. Sannan ya ce, "An kwana biyu."

Washegari na bar wa wata maƙwabciyata teburina na kasuwa, na tasa shi gaba zuwa asibiti. Faɗan da muka yi kafin ya shiga tirotiro, motar haya, duk layinmu ya ji. Aka ɗebi jininsa aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce ciwon ne ya kashe jijiyoyin ƙafar, shi ya sa ba ya jin zafi, shi ya sa kuma rauni ba zai warke da wuri ba. Ta wanke ramin ta ɗaure, ta ba da magunguna. Ta dube ni, ba shi ba, ta ce kada ƙafar nan ta sake shiga ruwan gota. Ta ce idan ta shiga, wata rana za mu kawo shi da ƙafa biyu mu koma da ɗaya. Na fassara masa kalma da kalma, ban sassauta ko ɗaya ba. Ya gyaɗa kai ya yi mata godiya da ladabi.

A hanya na saya masa takalmin ruwa mai dogon wuya. Ya karɓa ya sa mini albarka. Da asuba na tashi na ga takalmin a jingine bayan ƙofa, shi kuma ya riga ya fita.

A cikin ruwa na same shi, bandejin yana rataye a kan wata sanda. Ni mai baki ce, kowa ya san ni a kasuwa, amma ranar sai da na haɗiye maganata saboda mutane, na bari ya fito muka koma gefe.

"Baba, so kake ka kashe ni?"

"'Yar nan, dubi ganyen can," in ji shi. "Yini biyu ba ruwa, duk sun kwanta. Gidaje nawa ke ci a nan? Har da naki teburin."

"To ka sa takalmin mana!"

"Da takalmi ba a danƙo leda."

"Ba takalmin ma ai ba ji kake ba!"

Ya kalli wajen mutanen da suke jeka-ka-dawo da butoci. Ya sassauta murya.

"In na sa, za su ce maganin ya karye."

Nan ne raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya kai shekarunsa, mai salla a sahun gaba, yana tsoron kada a ce maganin da ba shi da shi ya karye. Amma ko a cikin fushin na gane shi. Baba ba shi da gida nasa a Accra, ba shi da shago, ko ƙasar da yake nomawa ba tasa ba ce. Abin da yake da shi a duniya shi ne idan ya doso lambun nan mutane suna miƙewa.

Na bar shi na nufi mazan. Na tsaya a kan hanyar ruwa na kama ƙugu na faɗa musu komai, da sunan ciwon, da abin da likita ta ce. Na ce ku ƙarti ne, ga ku nan da ƙafafunku, ku riƙa shiga bi da bi. Suka saurare ni kamar yadda ake sauraron mace idan ta zo wurin aikin maza, ana murmushi ana kallon ƙasa. Wani dattijo ya ce likitoci ba su san irin waɗannan abubuwa ba. Mai kabeji ne kaɗai ya ji kunya.

"Yoo, na ji, 'yar Tsoho, kar ki yi fushi. Ni zan shiga."

Ya naɗe wando ya sauka. Taku kaɗan ya yi ya ƙwalla ƙara, ya fito da tsalle, jini ja wur yana zuba daga dugadugansa. Kwalba ce. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma yana ɗaure ƙafar da tsumma yana dariya.

"Kin gani? Mu ba mu da komai a jiki. Wannan aikin Tsoho ne."

Na zo in kashe maganar, sai ga shi na ƙara mata ƙarfi. Baba ya taso ya wuce ta gabana bai dube ni ba, ya koma cikin ruwan.

Daga nan kwanakin suka yi mini nauyi. Kowace yamma ina wanke ƙafar, kowace safiya yana mai da ta cikin gota. Na ɓoye masa tufafin aiki, ya fita da na masallaci. Na kai ƙararsa wurin limamin unguwarmu, ya yi masa nasiha, Baba ya ce in Allah ya so da zarar ruwa ya sauka zai huta. Kowa ruwa yake jira. Aka fita sallar roƙon ruwa, maza da mata da yara, rana tana dukan mu, muka dawo sama tana nan fes. A lambu faɗa ya yawaita. Mutanen da suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya suka fara zargin juna da satar ruwa, kowa yana kiran mai bakin ruwa ya zo ya raba. Na ƙarshen layi suka fara barin rabin fangalinsu ya bushe don su ceci rabi.

Ramin ƙusar bai rufe ba. Gefensa ya yi fari, sannan ya yi shuɗi. Ƙafar ta kumbura har silifa ba ta shiga. Sai warin ya zo. Da farko na ɗauka na gota ne ya biyo shi gida, na wanke tabarmarsa, na shanya, na kunna turare. Da na shiga ɗakin washegari warin yana nan, alhali bai dawo daga lambu ba tukuna, a zanen rufarsa yake. Na san warin gota tun ina goye. Wannan daban ne, na naman da ya kwana a zafi. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na yi kuka ni kaɗai, domin na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Ranar da babban yatsan ya yi baƙi na ce masa gobe asibiti, ko yana so ko ba ya so. Ya ce jibi, gobe ranar na ƙarshen layi ce, in bai tsaya ba na sama za su cinye musu ruwa. Jikinsa da zafi rau, idanunsa sun faɗa. Jibin bai zo mana a yadda ya so ba. Ina kasuwa da hantsi aka kira ni a waya. Sun ce ya fito daga ruwa ya zauna a kan buhunan, yana magana da wani, sai ya karkace a hankali ya kwanta. Mai kabeji ne ya goyo shi har bakin titi.

A asibiti ba a yi dogon bayani ba. Sun ce dafin ya fara hawa jini, in aka jira, ba ƙafa za mu rasa ba, mutum za mu rasa. Baba ba ya cikin hayyacinsa, ni aka tambaya. Na ce su yi. A ƙasa da gwiwa suka yanke.

Da ya farfaɗo bai yi kuka ba, bai yi mini faɗa ba. Ya kalli wurin da bargo ya kwanta shafal, ya ce Allah ne mai bayarwa, shi ne mai karɓa. Sannan ya juya fuskarsa bango. Kwanaki ina kai masa koko yana kurɓa kaɗan yana turewa. Ta tagar ɗakin ana ganin sama, har lokacin babu ɗigo.

Wata Juma'a bayan masallaci mutanen lambu suka zo gaishe shi. Suka jeru a bakin gado da hulunansu, suka yi addu'a, suka ce ƙaddara ce. Na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa ba banza ba, hannu aka sa wa tsohon, wani ne ya karya masa abinsa. Suka fita, mai kabeji ya tsaya a baya. Na lura yana ɗingishi, tsumman yana nan a dugadugansa, ya yi baƙi da ruwan gota. Ya durƙusa a gefen gadon ya kama hannun Baba.

"Tsoho, yanzu ni ke shiga. Ba wanda ya yarda, kuma in ban shiga ba ruwa ba zai kai wurina ba." Ya waiga ya dube ni, ya ƙara yin ƙasa da murya. "Abin nan naka, tunda ka huta, ka taimake ni da shi. Ko kaɗan ne. Yara na gida."

Baba ya daɗe yana kallon tsumman.

"Ɗana, ba ni da komai," ya ce. "Ban taɓa samun komai ba. Ƙafar ce ta mutu tun tana jikina, ba na ji ne kawai."

Shekaru nake jiran in ji wannan magana daga bakinsa. Mai kabeji ya saki hannun ya yi dariya, irin ta wanda aka hana abu amma bai yi fushi ba.

"Ei, Tsoho! Har yanzu rowa? Ba komai, in ka dawo gida zan zo." Ya miƙe ya duba wayarsa. "Bari in gudu, la'asar ya kusa, lokacina ne. Bututu ya toshe tun safe."

Ya fita yana jan ƙafa. Baba ya yunƙura zai tashi, ya manta ba ƙafar, ya koma ya faɗa kan matashi. Ya damƙi hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Bi shi," ya ce. "Ki ba shi takalmin ruwan nan. Ki ce masa rantsuwa na yi, babu wani magani."

Na fita da gudu, ɗankwalina a hannu, ina ture mutane a baranda. Kafin in kai bakin ƙofa ya riga ya tsallaka titi. Na ƙwala masa kira. Ya juyo daga ƙofar tirotiro, ya ɗaga mini hannu yana murmushi, ya shige.